Kantar Nomau da Wanzamin Gindin Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka ƙi barci.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ko mai ban tsoro ce.

To, ku kuka ce. Kada wanda ya riƙe mini zani in ta yi nisa.

An yi wani mutum wai shi Nomau, ɗan koli ne. Allura da zare, kwalli da madubi, turare da ƙananan wuƙaƙe, su yake ɗorawa a kai ya bi kasuwannin ƙauye yana sayarwa. Ba shi da jaki, ba shi da doki. Ƙafarsa ce abin hawansa, da ita yake ci, da ita yake ciyar da matarsa Kyallu.

Ita Kyallu 'yar wani tsohon baduku ce, sunansa Tanimu, mai rumfa a bakin ƙofar gari. Duk wanda zai fita garin sai ya wuce ta gaban rumfar nan. Shi kuwa Nomau Allah ya zuba masa kunya, irin wadda ta wuce misali. Tun daga nesa in ya hango surukinsa zai tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya durƙusa, ya ja riga ya rufe ƙafafunsa, ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. Mutane suna yabonsa a kan haka, ni ma da ina nan da na yaba.

Wata rana tsoho ya lura takalmin da Nomau ke riƙewa a hannu ya mutu, duk ya tsinke. Ya ji tausayinsa, ya ce ya miƙo ƙafa a gwada a ɗinka masa sabo. Nomau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ya miƙe wa surukinsa ƙafa? Ya ƙara dunƙule ƙafafun a cikin riga, ya ce ai duk yadda Baba ya yi daidai ne. Tsoho ya yi ta fama, Nomau ya ƙi. Da ya gaji sai ya auna da ido, idon kuwa ya soma tsufa.

Ya zauna ya ɗinka sau-ciki na jar fata, ya yi masa ado da kore, takalmin da ba a taɓa ganin irinsa a garin ba. Nomau ya karɓa da hannu biyu. Da ya je gida ya zura ƙafa, sai ya ji yatsunsa sun hau kan juna. Takalmin ya matse shi gaba da baya.

Kashegari tsoho ya tambaye shi, "Takalmi ya yi?"

Nomau ya ce, "Ya yi, Baba. Allah ya saka da alheri."

Za ku ce ai sai ya wuce ƙofar gari ya tuɓe abinsa. Haka na ce ni ma da aka fara ba ni labarin. To, tsoho Tanimu ya ji daɗin aikinsa, duk wanda ya zo rumfa sai ya ce masa in yana son ganin dukanci ya dubi ƙafar surukinsa. Magana ta bi kasuwanni. Ko'ina Nomau ya sauke kaya, kafin a taya allura sai an dubi ƙafarsa. In ya tuɓe, labari zai riga shi isa gida. Haka ya ci gaba da tafiya a cikin takalmin nan, yana murmushi a fuska yana cije haƙori.

Da farko wurin ya yi ja. Sai ya yi bororo, bororon ya fashe. Daga nan fata ta soma tauri, ta yi kauri, ta zama kanta: a tafin ƙafa, a gefen babban yatsa, da kuma kan ɗan ƙaramin yatsa. Ta ƙaramin yatsan ita ce muguwar. Tana da wani ɗan ido a tsakiya kamar ƙwayar gero, in ya taka sai ya ji tsininsa har cikin ƙashi. Bai gaya wa Kyallu ba, don aikin ubanta ne. Alwala ma sai ya zagaya bayan ɗaki yake yi.

Rannan yana dawowa daga wata kasuwa mai nisa, rana ta take, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Kun san ba lokacin tafiya ba ne, masu hankali suna ɗaki. Nomau yana ɗingishi shi kaɗai a daji, sai ya hango wata tsohuwar tsamiya, a gindinta wani wanzami zaune a kan buzu da zabirarsa. Ya naɗe fuska da rawani, idanu kawai ake gani. Kafaɗunsa sun yi tudu, ƙugunsa ya yi ƙasa.

Wanzami ya ce, "Sannu, mai ɗingishi. Kanta ce ko?"

Nomau ya yi mamaki, ya ce ita ce. Wanzami ya ce ai wannan aikinsa ne, zama ɗaya zai fere ta da aska, mutum ya tashi kamar ba a taɓa yi ba. Kuma ba ya karɓar ko anini. Abin da aka fere kawai za a bar masa.

Ku dai kun sani, ko aski aka yi wa mutum, ko farce ya yanke, tattarawa yake ya binne. Ba a barin abin jiki a hannun baƙo. Nomau ma ya sani sarai, uwarsa ta koya masa. Amma zogi ya hana shi tunani. Mutumin da ya kasa miƙa wa surukinsa ƙafa, sai ga shi ya zauna ya miƙa wa wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Wanzami ya wasa aska a tafin hannu, ya fere, ya fere, ya tara a ganye. Nomau ya mayar da takalmi ya miƙe, ya ji sakayau. Ya yi godiya ya kama hanya. Da ya ɗan yi nisa ya waiwaya, sai ya ga wanzamin ya tura hannu ƙarƙashin rawani, muƙamuƙinsa yana motsi. Ya ce a ransa goro yake ci.

Amma takalmi yana nan yadda yake, matsi bai fasa ba. Ba a jima ba kanta ta dawo, ta fi ta da kauri. Nomau ya sake biyowa ta gindin tsamiya da rana tsaka.

Wanzami ya ce, "Sannu, mai ɗingishi. Na san za ka dawo."

Ya yi wata 'yar dariya mai hawa sama. A wannan zuwan ne ya lura babu ko tsuntsu ɗaya a kan tsamiyar. Ya lura da wani wari da ke tashi daga buzun. Ya kuma hango tarin takalma a bayan bishiyar, manya da ƙanana, wasu sun ruɓe, wasu sababbi. Ya tambaya na su wane ne. Wanzami ya ce na masu zuwa ne, in sun ji daɗin ƙafarsu sai su manta da su. Yana faɗa yana riƙe da idon sawun Nomau, hannun nan kaushi gare shi, ga gashi har bayan yatsu. Ya fere ya zurfafa fiye da na farko. Nomau ya tashi, ya rantse ba zai ƙara zuwa ba.

Rantsuwa ba ta faɗaɗa takalmi. Kanta ta dawo karo na uku, har Nomau ya kai in ya taka sai hawaye ya zubo. Ya yi ta kewaye hanyar tsamiya, ya yi ta kewayewa, ran nan dai ya tsinci kansa a gindinta.

Wanzami bai ko gaishe shi ba. Ya cafke ƙafar, numfashinsa na fita da ƙarfi. Ya sa aska ya danna. Askar ta wuce kanta ta shiga nama, jini ya tsarto. Nomau ya yi ƙara. Sai ya ga wani dogon harshe ya zaro daga ƙarƙashin rawani ya lashe jinin. Rawani ya warware ya faɗi. Ga kunnuwa, ga baƙin hanci, ga haƙora jere suna zubar da miyau. Ashe kura ce.

Nomau ya fizge ƙafa, ya suri takalminsa, ya bar kayan kolinsa a nan, ya zura da gudu. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne kura ba ta bi shi ba. Tana zaune a kan buzu tana lashe aska, ta ɗaga murya yadda zai ji.

Ta ce, "Yi gudunka, Nomau. Sau uku na ci kantarka, rabinta yana cikina. In na kira ta, ita za ta kawo mini kai."

Ya isa gida ya faɗa ɗaki, ya ce wa Kyallu ɓarayi ne suka tare shi. Yankan askar ya kumbura, ya soma ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Duk da haka ya naɗe ƙafar da tsumma ya hana ta gani.

Ranar kasuwar garin ta zagayo. Kowa ya tafi, unguwa ta yi tsit, daga Nomau sai Kyallu da ta tsaya jinya. Da rana ta take, sai wata murya ta taso daga can cikin daji, siririya, iska na kawo ta:

"Kanta, kanta, 'yar gidana,
Rabinki yana cikina,
Taso ki kawo mai ƙafa."

Sai Kyallu ta ji an amsa a cikin ɗakin. Ba mijinta ne ya yi magana ba, bakinsa a rufe yake. Daga cikin tsumman ƙafarsa muryar ta fito, ƙarama, tana cewa, "Na'am, uwar ɗakina, ga ni nan tafe."

Ƙafafun Nomau suka sauko daga gado da kansu. Suka miƙar da shi. Suka fita da shi ƙofa yana kuka yana kama bango, suka bi lungu da shi, suka nufi bayan gari. Kyallu ta biyo shi ba ko mayafi. A bakin gonaki ya samu ya rungume wata bishiyar marke, ita kuma ta rungume ƙugunsa. Ƙafafun suka yi ta tafiya a wuri ɗaya suna tone ƙasa, har fatar hannunsa ta saɓule a jikin itacen. Sai da inuwa ta soma fitowa daga ƙarƙashin ƙafa kiran ya yanke, Nomau ya zube.

A nan gindin marken ya gaya mata komai. Kyallu ta kwance tsumman ta ga ƙafar, ta yi kuka, ta kuma yi faɗa, don ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ita da take kwana ɗaki ɗaya da shi bai gaya mata ba, sai kura. Da suka koma gida Nomau ya zaro wuƙa zai yanke kantar gaba ɗaya. Ta buge hannunsa wuƙar ta faɗi.

Ta ce, "Yanka ne ya kai ka inda kake. Ba sunanka ta kira ba, kanta ta kira. In babu kanta babu mai amsawa. Amma ba da ƙarfe za a raba ka da ita ba."

Nomau ya ce to da me, ga shi kura za ta sake kira. Kyallu ta ce da abin da kowace mace take da shi a makewayi. Ta fara da yankan: ta wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ta rufe da tsumma mai tsabta, ta hana komai taɓa shi har ya kame. Sannan kullum da yamma ta ɗumama ruwa, ba mai ƙuna ba, ta zuba a kwatarniya ya tsoma ƙafafu har fatar ta yi laushi ta yi fari. Ta ɗauko dutsen goge kaushi ta goga a hankali, kaɗan kawai, abin da ya yarda ya fita. Ta tsane ƙafar har tsakanin yatsu, ta shafe ta da man kaɗe. Jan takalmin kuwa ta ɗauke shi ta jefa cikin rumbu.

Nomau yakan roƙe ta ta ƙara dannawa, a gama yau. Sai ta ce a'a, in ta danna jini zai fito, jini kuwa shi kurar ke so. Yana zaune ƙafa a ruwa, idonsa a kan danga, ko kaza ta motsa sai ya zabura. Ita kuma tana goga a hankali kamar ba abin da ke tafe. Kanta ta soma raguwa.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan tsoho Tanimu, aka sa ranar suna. Dole suruki ya je. Nomau ya kwana yana tunanin yadda tsoho zai dubi hannunsa ya ga ba takalmi. Ni dai a nan ne haushinsa yake kama ni. Mutum kura na jiransa, amma abin da ya dame shi kada tsoho ya ji ba daɗi. Da Kyallu ta riga shi tafiya gidan suna, ya hau rumbu ya ciro takalmin, ya cusa ƙafa. Ya yini a ciki, yana kai da kawo da kwanukan abinci. Kafin yamma ɗan ƙaramin yatsan ya sake yin ja, idon kantar ya sake tauri.

Ranar kasuwa ta sake zagayowa. Kyallu ta ɗaure shi da igiya a jikin turmi, babban turmin da sai mutum biyu ke ɗagawa. Rana ta take. Muryar ta taso, amma yanzu ba daga daji ba, daga gonakin bayan gida:

"Kanta, kanta, 'yar gidana,
Rabinki yana cikina,
Taso ki kawo mai ƙafa."

Tafin ƙafa ya amsa can ƙasa-ƙasa, da ƙyar ake ji. Babban yatsa ma haka. Amma ɗan ƙaramin yatsa ya amsa da ƙarfinsa, "Na'am, uwar ɗakina, ga ni nan tafe." Ƙafar ta ja Nomau, Nomau ya ja turmi, turmi ya yi ta gurgura a tsakar gida har bakin zaure, a nan ya tokare da ƙofa. Kyallu ta hau kan turmin ta zauna tana salati. A nan zaune ta ji wani abu da ya ɗaure mata kai: akwai wata murya kuma da ke amsawa daga makwarara, inda take zubar da ruwan wankin ƙafa. Ashe kantar da aka goge ma tana jin kira.

Da inuwa ta soma fitowa, kura ta yi dariyar nan tata mai hawa sama. Ta ce ta gaji da jira, kasuwa mai zuwa da ƙafarta za ta zo.

Kyallu ta kwance mijinta, ta dubi ɗan yatsan, ta gane abin da ya yi. Wannan karon ba ta yi kuka ba. Ta ce ita tana gogewa da dutse shi yana mayarwa da takalmi, to ta gaji. Ko dai ya je ya gaya wa Baba da bakinsa, ko ta sauke kwatarniya ta zuba masa ido.

Da la'asar Nomau ya ɗauki jan takalmi a hannu, ya taka ƙasa da ƙafa tsirara har rumfar ƙofar gari. Akwai mutane zaune ana hira. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tsoho ya amsa da fara'a, ya tambaye shi kamar kullum, "Takalmi dai yana yi ko?"

Bakin Nomau ya buɗe da kansa zai ce ya yi. Sai ya haɗiye. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya janye riga, ya miƙe ƙafafunsa biyu a gaban surukinsa. Mutanen rumfa suka kawar da kai, wani har ya tashi.

Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Yana matse ni. Tun ranar farko yake matse ni."

Tsoho ya ajiye basilla, ya matso, ya ɗauki ƙafar ya ɗora a cinyarsa. Ya shafa kantar, ya shafa tabon aska. Nomau ya ba shi labarin tsamiya kansa a sunkuye. Da ya gama sai ya ga hawaye a gemun tsoho.

Tanimu ya ce, "Ina ta yabon aikina a gaban mutane, ashe ɗana nake yankawa. Wannan ba kunya ka yi mini ba, Nomau. Ka sa na cuce ka ban sani ba."

Ya shimfiɗa fata a ƙasa ya sa shi ya taka, ya zagaye kowace ƙafa da gawayi. Ya ce da yamma ake awon ƙafa, bayan ta yini tana tafiya ta ɗan kumbura, kuma kowace da awonta don ba su cika zama ɗaya ba. Ya zaɓi fata mai laushi, ya bar wa yatsu wurin motsi, ya ce a riƙa sa 'yar auduga a kan ɗan yatsan har ya huce. Jan takalmin kuwa ya farke shi da wuƙa a gaban kowa.

Kyallu ta zo ta faɗa wa ubanta abin da ta ji a makwarara. Tun daga ranar ba ta ƙara zubar da ruwan wankin ƙafa a gida ba. Akwai wata tsohuwar rijiya a bayan unguwa, ta ƙafe, zurfinta ba a ganin ƙasa. Can take kai ruwan kullum ta juye, har dutsen ma a can take ɗauraye shi. Ta kankare laka ta makwarara ita ma ta kai. Jiƙo, guga, man kaɗe, sabon takalmi. Tafin ƙafa ya yi laushi, babban yatsa ya warke. Ɗan ƙaramin yatsa ne kawai idonsa ya ƙi fita, saboda yinin nan na gidan suna.

Ranar kasuwa ta zo. Tsoho Tanimu da maƙwabta ba su je kasuwa ba, suka laɓe a cikin dawa kusa da rijiyar da gungumen itace da wani faffaɗan dutse. Kyallu ba ta ɗaure mijinta ba, don in kura ta shigo ɗaurarre ba ya gudu. Ta shigar da shi ɗaki ta saki asabari. Ta cusa wa ɗan yatsan man kaɗe, ta naɗe shi da auduga, ta damƙe shi a tafin hannunta da duk ƙarfinta.

Rana ta take. Kaji suka yi shiru. Akuya ta shige ƙarƙashin rumbu. Warin ne ya fara isowa, warin buzun nan. Sai suka ji danga tana ƙara, ana turo ta. Sai taku a tsakar gida, mai nauyi a gaba, mai ja a baya.

Kura ta yi kira daga tsakar gida. Ɗan yatsan ya yi motsi a hannun Kyallu, ya amsa, amma auduga da hannu suka shanye muryar. Daga rijiya ba a ji komai ba.

Kura ta matso ta sake kira. Yanzu suna ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin asabari, da baƙin hancinta yana shinshina ƙasa. Ɗan yatsan ya fizga har ƙafar Nomau ta ɗaga. Kyallu ta kwanta a kanta, ta ciji leɓenta har ya fashe. Nomau ya toshe bakinsa da hannu biyu. A ransa ya ce rijiyar ta yi zurfi, kiran ba ya kaiwa, tasu ta ƙare.

Kura ta fusata. Ta ɗaga kai sama ta kwarara kira na uku da duk muryarta, har ƙasa ta zubo daga rufin ɗaki:

"Kanta, kanta, 'yar gidana,
Rabinki yana cikina,
Taso ki kawo mai ƙafa."

Sai ga amsa daga bayan unguwa. Duk kantar da aka goge aka zuba ta haɗa baki, rijiya kuma ta ƙara mata amo: "Na'am, uwar ɗakina, ga ni nan, ga ni nan."

Hancin ya janye daga ƙarƙashin asabari. Kura ta yi dariya ta ce ashe can ya ɓuya. Ta tsallake danga ta nufi rijiya a guje, miyau na zuba. Ta leƙa, duhu ne, amma muryar tana ta cewa ga ni nan. Yunwa ba ta bar ta ta yi tunani ba, ta daka tsalle. An daɗe kafin a ji faɗuwarta. Tsoho Tanimu da maƙwabta suka fito suka gitta gungumen a bakin rijiyar, suka ɗora dutse, suka bi da laka.

Nomau ya warke, ya sake haɗa kayan koli ya koma bin kasuwanni cikin takalmin da ya yi masa daidai. Kullum da yamma sai ya jiƙa ƙafa ya shafa mai, ko Kyallu ba ta tuna masa ba. Amma idon nan na ɗan ƙaramin yatsa bai taɓa fita duka ba. Kura kuwa ba ta mutu ba, irinsu ba sa mutuwa da wuri. Har Nomau ya tsufa, duk ranar kasuwa in rana ta take, sai ya sauke kaya ko a ina yake, ya zauna a ƙasa, ya damƙe ɗan yatsan da hannu biyu yana zufa, har inuwa ta fito. Shi kaɗai yake jin abin da ake cewa daga ƙasan rijiya.

Shi ya sa har yau mai kanta zai zauna lafiya lau, ba tafiya yake ba, sai ya ji ta soke shi haka kawai. Kira ta ji.

Don haka in takalmi ya matse ku, ku faɗa, ko wa ya ba ku shi. In kanta ta fito, ruwan ɗumi ne da dutse da mai da haƙuri. Kada ku kai mata aska, kada kuma ku miƙa ƙafarku ga wanda ya ce zai gama muku a zama ɗaya.

Ƙurunƙus, kan kura a ƙasan rijiya, Allah ya sa dutsen ya riƙe.